Littafi Mai Minti Talatin da Biyar

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Malam Abdulmumin a mota ya san akwai abin da ya fi ramukan hanya gajiyar da mutum. Malamin firamare ne, gidansa a Gaya, makarantarsa a Ajingi, kuma tsakanin garuruwan nan biyu babu abin da bai sani ba. Ya san dalilin da ya sa damina take makara, ya san abin da likitoci suke ɓoye wa jama'a game da kuɓewa, ya san yadda za a gyara ƙasar nan cikin sati biyu in da za a bar shi. Ba a bar shi ba, sai yake hucewa a kan mutum biyar ɗin da Allah ya haɗa shi da su a motar Bubayero.

Motar nan tsohuwa ce, gilasanta ba sa rufuwa, amma ita kaɗai ce take tashi daga Gaya ƙarfe bakwai daidai, domin fasinjojinta ba sa canzawa. Sauran motoci sai sun cika, ko da kuwa za a kai ƙarfe tara. A gaba Alhaji Haruna mai hatsi yake zama, surukin Bubayero, uban matarsa. A baya akwai Fauziyya, ma'aikaciyar jinya mai kaifin harshe, da wasu ma'aikatan sakatariya biyu da ba su da aiki a motar sai gyangyaɗi, sannan Malam Abdulmumin a jikin ƙofa.

Kujerar nan ta jikin ƙofa ita ce ransa. Hedimasta ya riga ya gaya masa cewa in ya sake makara sau uku, za a rubuta takarda a mayar da shi wata makaranta can bayan Toranke, inda ko acaɓa sai an roƙe shi yake zuwa. Ga kuma Mudassir, wani ma'aikacin gona, wata shida ke nan kullum yana tsaye a tasha da jakarsa, yana kallon kujerar kamar akuya da ta hango dusa.

Wata rana da suka dawo, Bubayero ya jira kowa ya sauka, ya kira shi gefe.

"Malam, jama'a sun kawo ƙara. Sati ɗaya na ba ka. Ko bakinka ya huta, ko kujerar ta huta."

"Ilimi nake ba su kyauta."

"Sun ce sun ƙoshi."

Wani zai koma gida ya koyi yin shiru. Malam Abdulmumin ya koma gida da dabara. Ya zaunar da matarsa Hanne ya yi mata bayani: akwai littattafai da ake karantawa a naɗa, mutum ya sauke su a waya ya saurara. Zai haɗa wayarsa da rediyon motar. Ba shi zai yi magana ba, waya ce za ta yi, amma ilimin nasa ne tunda shi ya zaɓo.

"Kafin satin nan ya ƙare, in ban shiga motar nan ba, su da kansu za su ce kada ta tashi."

"To ta yaya za ka san mai daɗi a cikinsu?"

"Nan ne ake gane mai ilimi. Jahili yana zaɓen littafi da sunansa. Ni da awo nake zaɓe. Gaya zuwa Ajingi minti talatin da biyar ne. Duk littafin da ya kai minti talatin da biyar, don hanyarmu aka yi shi."

"Ba za ka fara saurara ba?"

"Likita yana shan magani kafin ya ba mara lafiya?"

Hanne ta ce ba ta sani ba, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Washegari ya shiga mota da sabon guga. Ya sanar da cewa daga yau motar ta zama jami'a, ya danna waya. Wata murya mai taushi ta cika motar, a bayanta ana jin kukan ruwa.

"Saki kafaɗunka. Manta da duk abin da ke gabanka. Ba inda za ka je. Yanzu rufe idanunka a hankali."

Karatu ne da aka yi don masu fama da rashin barci. Ma'aikatan sakatariya ba su buƙaci taimako ba. Fauziyya, wadda ta saba tashi tun asuba, ta bi su. Bubayero kuwa mutum ne mai biyayya, bai taɓa yi wa na gaba da shi musu ba, kuma muryar ta yi kama da ta babban mutum. Ya saki kafaɗu, ya manta da abin da ke gabansa. Allah ya taimaka ƙafarsa ma ta saki totur. Motar ta gangara daga titi a hankali, ta shiga gonar gyaɗa, ta ratsa kunya bakwai, ta tsaya da kanta.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da mai gonar ya ƙwanƙwasa rufin motar da ƙotar fartanya.

"Sannunku da aiki. Da na hango ku na ɗauka tarakta aka turo mini."

Malam Abdulmumin ne ya farka ƙarshe. Ya share yawu, ya duba wayar, ya ce ai ga shi nan, littafin ya yi abin da aka rubuta shi dominsa, wannan ita ce shaidar littafi mai inganci. A makaranta hedimasta yatsa ɗaya kawai ya ɗaga masa.

Kashegari ya ce ya gano matsalar: jama'ar karkara sai da abin da ya shafi rayuwarsu. Ya zaɓo wani littafi kan kiwon shanu, shi ma minti talatin da biyar. Farkonsa lafiya lau, har Alhaji Haruna ya gyaɗa kai sau biyu. Da aka zo babin shayarwa, mai karatun ya ce, "Ga yadda gwanin makiyayi yake kiran garkensa zuwa ruwa," sai wani dogon kira ya fita ta gilasan da ba sa rufuwa, daidai lokacin da wani garke yake tsallaka titi.

Shanun suka tsaya. Suka juyo gaba ɗaya. Mai karatun ya ce, "A sake saurara," kiran ya sake fita.

"Malam, kashe," in ji Fauziyya.

"Ba a katse littafi a tsakiyar babi."

Wani farin bijimi ya zuro kai ta taga ya lashi hularsa. Ya nemi kashewa, wayar ta suɓuce ta faɗa ƙarƙashin kujera. Bubayero ya ja motar a hankali, shanu kusan hamsin suka bi ta, wasu a gaba wasu a gefe, makiyayin yana gudu a baya da sandarsa yana rantsuwa cewa bai taɓa ganin ɓarayin shanu da mace da dattijo a cikinsu ba. Haka suka shiga Ajingi, mahauta suna fitowa suna tambayar nawa-nawa. Hedimasta ya ɗaga yatsu biyu.

Da yamma a tasha Mudassir ya gaishe shi da fara'ar da ba ta yi masa daɗi ba. A gida Hanne ta ce ya haƙura ya riƙa yin shiru kawai, ko da goro zai cika bakinsa. Ya ce manyan masu ƙirƙira duk sai da aka yi musu dariya tukuna. Ya sauke wani labari mai kashi-kashi, kowane kashi minti talatin da biyar cif. Ya ce wannan ai marubucin kamar a motarsu yake zaune.

Bai san gaskiyar da ya faɗa ba. Mota na fita daga Gaya, wata mai karatu ta fara:

"Zaituna 'yar mai hatsi ce, ubanta mutum ne da ko tsaba ta faɗi ƙasa sai ya tsugunna ya ɗauka. Wanda zuciyarta take so kuwa direba ne, mai tsohuwar mota."

Ma'aikatan sakatariya suka farka da kansu, karo na farko a tarihi.

Sai an san Bubayero da surukinsa za a gane girman abin. Shekara tara yana auren 'yar Alhaji, bai taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. Kullum suna zaune kafaɗa da kafaɗa, amma in Alhaji yana so a tsaya sai ya gaya wa gilashi, in Bubayero zai amsa sai ya amsa wa sitiyari. Yanzu ga wata mata a rediyo tana bayyana yadda direba yake tsayawa a bayan katangar mai hatsi yana kiran 'yarsa hasken fitilar motarsa.

Malam Abdulmumin ya kai hannu aljihu. Fauziyya ta zungure shi da jakarta.

"Kada ka soma," ta ce ƙasa-ƙasa. "In ka kashe yanzu, ka nuna ka san da wa ake."

Bubayero ma ba shi da halin taɓa rediyon, domin wanda ya kashe ya amsa cewa ya ji. Alhaji Haruna ya ja hula ya rufe ido, ya zama mai barci, sai dai carbinsa yana gudu fiye da motar. Abin da ya rage wa Bubayero shi ne totur, ya taka shi iya ƙarfinsa. Suka isa tashar Ajingi cikin minti ashirin.

Nan wata sabuwa ta taso. Ba wanda zai sauka kafin Alhaji, Alhaji kuma barci yake yi, mai barci kuwa ba zai farka daidai inda mai hatsi yake korar direba da muciya ba. Haka suka zauna minti goma sha biyar a tsakiyar tasha, labari yana fita ta taga. 'Yan kamasho suka matso. Mai shayi ya bar tukunyarsa. Da kashin ya ƙare, Alhaji ya yi hamma, ya ce wa gilashi, "Har mun iso?" ya sauka.

Malam Abdulmumin ya tabbata tasa ta ƙare. Amma bayan sallar la'asar, yana ɗaura takalmi a bayan masallaci, sai ga Alhaji Haruna ya tsaya kusa da shi yana kallon wani wuri daban.

"Malam, wannan shirmen na safe. Yana da ci gaba?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

"To. Ba don ni ba. Yaran nan na baya na ga suna so. Kuma maganar nan ta tsaya a nan."

Bai kai tasha ba Bubayero ya tare shi a bayan wata motar itace.

"Malam, batun sati ɗayan nan, a bar shi tukuna. A sa na biyu. Amma kada Baba ya ji cewa ni na ce."

Daga ranar Malam Abdulmumin ya daina taka ƙasa kamar sauran mutane. Safe da yamma ana sa kashi ɗaya-ɗaya. Alhaji yana barcinsa na ƙarya, Bubayero yana tuƙi da fuskar wanda ba ya jin Hausa, kowannensu ya tabbata ɗayan bai san yana saurare ba. Bubayero ya riƙa isa da wuri da gangan, saboda mutanen tasha su sami ƙarshen kowane kashi. A kashi na tara, inda direba ya sayar da tayar safaya ya saya wa Zaituna turare, Malam Abdulmumin ya hango hawaye a madubin gaba, Bubayero ya ce ƙwaro ne. Mudassir ya daina gaishe shi da fara'a.

"Na gaya muku," yake cewa a teburin mai shayi. "Awo. Ni fa labarin nan na gama shi tuntuni. Marubucin ma abokina ne, tare muka yi makaranta."

"Yaya sunansa?" in ji Fauziyya.

"Ba ya son a sani. Manyan marubuta haka suke."

Kashi na goma sha biyu ya ƙare da mai hatsi tsaye a gaban motar direba, Zaituna a ciki, ya ɗaga hannu zai yi magana. Malam Abdulmumin ya koma gida ya nemi na goma sha uku. Babu. Mai karatun ta daina sakawa shekara uku da suka wuce, a ƙasan shafin mutane sun cika wurin sharhi da roƙo da zagi. Ya nema har wayar ta yi zafi.

Ga shi Bubayero ya riga ya yi wa tasha alkawari cewa ranar kasuwa da yamma, kafin su koma Gaya, za a sa na ƙarshe kowa ya ji.

Gaskiya tana nan, kyauta, bai ko kalle ta ba. Ranar da babu makaranta, da hantsi, ya shiga ɗakin da suke ajiye gyaɗa, ya tura ƙofa, ya kunna naɗar murya, ya kifa wayar a kan buhu, ya ɗora agogonsa a gefe. Ya yi muryar mai hatsi daga maƙogwaro, ya yi ta direba daga ƙirji, ya toshe hanci ya yi ta Zaituna. Ana cikin haka Hanne ta turo ƙofa da muciya a hannu. Ya kai yatsa ƙarƙashin wayar ya danna, suka yi maganarsu. Da ta fita ya sake dannawa ya ƙarasa, har da kuka da yafiya da ɗaurin aure. Ya duba tsawon abin da ya naɗa, minti talatin da biyar har da 'yan daƙiƙu. Bai ga dalilin saurara ba.

Ranar kasuwa tashar Ajingi ta cika har bakin titi. Masu awo sun rufe buhuna, mata masu ƙuli-ƙuli sun sauke faranti. Aka ga rediyon motar ba zai isa ba, sai shugaban 'yan kamasho ya karɓi wayar, ya hau benci, ya kara ta a lasifikar wani mai tallan maganin gargajiya. Alhaji Haruna yana kujerarsa ta gaba yana barci. Bubayero ya buɗe bonet yana gyaran abin da bai lalace ba. Malam Abdulmumin ya sanar da cewa wannan kashin marubucin ne ya karanta da bakinsa, saboda girman abokantakarsu.

Muryar Zaituna ta fito. "Baba, ko za ka yanka ni, shi nake so."

"Marubucin mura yake yi?" in ji Fauziyya.

Aka ce mata ta yi shiru. Labari ya ci gaba har minti takwas, sai aka ji ƙarar ƙofa, da muryar wata mace ta gaskiya.

"Baban Ashraf, wace ce a ɗakin nan?"

"Ni ne, Hanne. Ajiye muciyar. Na tsayar da shi, shigo ki ji."

Bai tsayar ba. Dannawar farko yatsansa buhu ya taɓa. Ta biyun ce ta tsayar, don haka kuka da yafiya da ɗaurin aure duk gyaɗa ya yi wa. Abin da ya shiga wayar shi ne hirarsa da Hanne, ga ta nan tana fita ta lasifikar da ake ji har layin masu dabbobi.

"Ka gaya musu babu ƙarshen mana."

"In gaya wa wa? Mutanen tashar nan ko kukan jaki na naɗa musu na ce babi ne, za su tafa."

Malam Abdulmumin ya kutsa cikin jama'a zai kai ga bencin. Wani ƙaton ɗan dako ya riƙe masa riga. "Zauna, Malam. Yanzu labarin ya fara daɗi."

"Ke ba ki san yadda na riƙe motar nan ba," in ji lasifika. "Alhaji Haruna da kike gani, duk barcin ƙarya yake yi. Shi ya fara bina bayan masallaci yana roƙo a sa na biyu. Shekaranjiya ma cewa ya yi in tambayi marubucin ko za a ɗan gyara halin mai hatsin, wai an cika masa rowa."

Dariya ta tashi daga gaba ta bi ta koma baya.

"Bubayero kuwa kuka ya yi a kashi na tara, da idona na gani. Ya ce mini shi ma haka ya riƙa tsayawa a bayan katangar Alhaji, har kare ya taɓa yaga masa wando. Wai kada Baba ya ji."

Mai shayi ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Sai da shugaban 'yan kamasho ya hango fuskar Alhaji ta gilashi sannan ya cire wayar daga lasifika, amma abin da zai fita ya riga ya fita. Kunyar da mutum biyu suka yi shekara tara suna lallaɓawa, ga ta a zube a tsakiyar kasuwa, kowa yana kallo. Abin ya ba da dariya, amma wallahi ya ba da tausayi.

Alhaji Haruna ya buɗe ido, bai yi hamma ba. Bubayero ya rufe bonet a hankali. Ba zai iya ɗaga murya a gaban surukinsa ba, ko yau. Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya ɗauko jakar Malam Abdulmumin da littattafan ɗalibai da ke ciki, ya ajiye ta a kan benci da hannu biyu. Sannan ya dubi Mudassir, wanda yake tsaye a wurin tun kafin a kira shi.

"Bubayero, ka tsaya ka ji," in ji Malam Abdulmumin. "Wannan salo ne na rubutun zamani. Marubuci yana shigo da—"

"Malam," in ji Fauziyya daga cikin mota, "gobe ka fito da wuri. Motocin tasha sai sun cika."

Mudassir ya zauna a jikin ƙofa, ya gyara jakarsa a cinya. Injin ya tashi a bugu na uku. Motar ta fara tafiya, jama'a suna buɗa mata hanya, sai ta tsaya daidai inda Malam Abdulmumin yake. Alhaji Haruna bai juyo ba, gabansa yake kallo. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ba kowa zai ji ba.

"Malam, tsakaninka da Allah. Uban ya ba shi ita?"

Bubayero ya riƙe sitiyari gam. Malam Abdulmumin ya buɗe baki, amsoshi uku suka zo masa a lokaci ɗaya, kowacce ta fi 'yar'uwarta kyau. Ya dubi dattijon, ya dubi direban.

"Ban sani ba, Alhaji."

Alhaji ya gyaɗa kai. "Mu je," ya ce wa gilashi.